Kafin ka kai ɗalibanka cikin jama'a: yadda ake ƙulla aikin bincike tsakanin jami'a da mutanen gari

A shekarata ta biyu da fara koyarwa na kwashi ɗalibai goma sha huɗu muka nufi wata unguwa da ke bayan katangar jami'armu, kowa da takardun tambayoyi a hannu, wai za mu yi bincike kan ruwan sha. Tambayoyi arba'in da biyu na tsara, kwana uku ina yi musu kwaskwarima. Shugabar ƙungiyar matan unguwar, wata dattijuwa mai sanyin magana, ita ta karɓe mu. Ta saurare ni har na dasa aya, sannan ta ce, "Malam, ku ne na huɗu. Na farko sun ƙirga rijiyoyinmu, na biyu sun ɗebi ruwa a kwalba, na uku sun auna yaranmu. Ina abin da suka gano?" Na ce, "Hajiya, mu daban ne." Ta ce, "Haka su ma suka ce."

Ranar ba mu cike takarda ko ɗaya ba. Abin da zan faɗa a nan daga baya na koye shi, wani a karatu, mafi yawa a jikina. Ina rubuta shi ne domin malamin da aka ce masa ya haɗa kwas ɗinsa ko bincikensa da al'umma, bai san ta inda zai kama ba.

Tambayar ta wane ne?

Nan ne gindin maganar. Idan a ofis ka haifi tambayar, ka je da ita a shirye, to ba haɗin gwiwa kake yi ba, neman waɗanda za su amsa maka kake yi. Saboda haka zuwanka na farko, da na biyu, da na biyar ma, ka bar takardar tambayoyi a gida. Ka halarci taron da suke yi da kansu, ka zauna a baya, ka yi shiru. Ni yanzu wata uku nake warewa ba na tattara komai sai sunaye da fuskoki.

Kada ka tsaya kan mai muƙami kaɗai. Ka fara da shi, domin ba a shiga gida ta taga, amma ka lura da wanda ake kira idan abu ya ɓaci da tsakar dare. Sau da yawa ba shi da kujera a kowane kwamiti. Ka kuma lura da waɗanda ba sa zuwa taro, ka tambayi dalili. "Al'umma" kalma ce mai daɗin faɗi, amma a cikinta akwai mai gida da ɗan haya, akwai wanda ke sayar da ruwa da wanda ke saye, kuma ba abu ɗaya suke so ka gano ba.

Tambayar da nake yi musu guda ce: me kuka daɗe kuna son sani, ba wanda ya gaya muku? A waccan unguwar, ashe ba sa bukatar a gaya musu ruwansu ba shi da tsabta. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Abin da suke so biyu ne: wace rijiya ce ke sa yara gudawa idan ruwan sama ya sauka, da kuma takarda mai hatimi wadda hukuma ba za ta yi watsi da ita ba. Cikin tambayoyina arba'in da biyu babu wadda ta taɓo ko ɗaya.

Aikinka na malami a nan shi ne ka mayar da koke ya zama tambayar da za a iya amsawa da kayan aikin da kake da su, cikin lokacin da kake da shi. In ba za ka iya ba, ka faɗa tun a zaman farko, ka nuna musu ƙofar wanda zai iya. Wannan ba sabon abu ba ne. A shekarun 1970 ɗalibai da malamai a jami'o'in ƙasar Holan, irin su Amstadam da Utrecht, suka buɗe abin da suka kira shagon kimiyya, wato ofishin da ƙungiyar unguwa ko ta ma'aikata za ta kawo tambayarta a nemo mata wanda zai bincika. Sharuɗɗansu har yau ina aiki da su: mai tambayar ba riba yake nema ba, ba shi da kuɗin ɗaukar masani, kuma yana da halin yin amfani da amsar. Na ukun ne aka fi mantawa da shi.

Dubi abin da ya faru a garin Flint na jihar Michigan a Amurka. A watan Afrilun 2014 aka sauya wa garin inda ake ɗebo ruwan famfo, aka koma kogin garin. Mutane suka yi ta kuka da launin ruwan da warinsa, hukuma na cewa lafiya lau. Wata uwa mai suna LeeAnne Walters ce ta nemi Farfesa Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech a 2015. Shi da ɗalibansa suka aika da kwalaben gwaji, mazauna garin suka bi gida-gida suka ɗebo ruwan da kansu, aka sami gubar dalma. A watan Satumba likitar yara Mona Hanna-Attisha ta nuna gubar ta ƙaru a jinin yara, a Oktoba aka mayar da garin kan ruwan birnin Detroit da yake sha a da. Tambayar ta mutanen gari ce, ƙafar da ta yi yawo tasu ce, jami'a ta kawo ɗakin gwaji da sunan da ake jin nauyinsa.

Akwai wani ma'auni da nake ba ɗalibaina. A 1969 wata Ba'amurkiya mai suna Sherry Arnstein ta kwatanta shigar da jama'a cikin harka da tsani mai matakala takwas: a ƙasa ana juya su ne kawai, a sama su ke riƙe da ragama. Abin da ya fi ba ni kunya lokacin da na fara karantawa shi ne "jin ra'ayin jama'a", wanda nake tinƙaho da shi, a tsakiya ta ajiye shi, cikin matakalan da ta kira na ganin ido. Ba lallai kowane aiki ya kai ƙololuwa ba. Amma ka san matakalar da kake kai, kada ka kira ta da sunan wata.

A rubuta, tun ana dariya

Da zarar an daidaita kan tambaya, a zauna a rubuta yarjejeniya. Za ka ji nauyi, za su ce ai an zama ɗaya, me ya kawo takarda. Ka dage. Shafi biyu sun isa, da harshen da suke magana da shi, a karanta a bainar jama'a don wanda bai iya karatu ba. Ba takardar lauyoyin jami'a nake nufi ba, waccan jami'a take karewa.

Abu na farko da za ta fayyace shi ne mallakar bayanai. Wa ke riƙe da su, a ina, har yaushe, kuma wa zai ba da izini in wani ya zo yana son ya yi wani binciken da su? Kada ka ɗauki wannan da wasa. A 1990 masu bincike daga Jami'ar Jihar Arizona a Amurka suka fara ɗibar jinin 'yan ƙabilar Havasupai, mutanen suna ganin kan ciwon sukari ne da ya addabe su. Daga baya suka gano an yi amfani da jinin wajen binciken taɓin hankali, da auren dangi, da asalin inda kakanninsu suka fito, abin da ya saɓa wa tarihin da suka gada. Aka yi shari'a shekara da shekaru. A 2010 aka sasanta, aka biya su dala 700,000, aka mayar musu da jininsu. Kuɗin ba shi ne asarar ba. Asarar ita ce amanar da ta karye, wadda masu bincike da ba su ji ba su gani ba suka gada.

Shi ya sa wasu al'ummomi suka daina jiran jami'a ta kare su. 'Yan asalin ƙasar Kanada tun 1998 suke da ƙa'idoji huɗu kan bayanansu: mallaka, iko, damar gani, da riƙewa a hannu. Mutanen San na Afirka ta Kudu, waɗanda aka daɗe ana bincike a kansu, a 2017 suka fitar da nasu kundin ɗa'ar bincike, wanda ya nemi girmamawa, gaskiya, adalci da kulawa, kuma ya ce a bi ta ƙofarsu kafin a fara. Idan mutanen da kake aiki da su ba su da irin wannan, kai ka kawo maganar. Amincewar kwamitin ɗa'a na jami'arka wajibi ce, amma ba ta maye gurbin amincewarsu.

Na biyu, suna. Wa za a rubuta a matsayin marubuci? Matar da ta tsara yadda za a zagaya gidaje, ta gyara tambayoyin da ba su da ma'ana, ta fassara abin da alƙaluma ke nufi, aikin marubuci ta yi, ba na wadda za a yi wa godiya a layin ƙarshe ba. Akwai kuma akasin haka: wani lokaci ba sa son sunan unguwarsu ya fito sam, don kada a riƙa kiranta unguwar masu cuta. Ka tambaya.

Na uku kuɗi, kuma a nan ne yawancin zumunci ke mutuwa. Ka buɗe kasafin gaba ɗaya su gani, har da kason da jami'a ke cirewa na gudanarwa kafin kuɗin ya iso hannunka. In ka ɓoye, za su ji jimillar daga wani bakin, su ɗauka sauran na aljihunka. Duk wanda ya bar sana'arsa ya yi maka yini, a biya shi. Kai albashi kake ɗauka, ɗalibinka maki yake samu, don me shi kaɗai za a ce ya yi don Allah? Sannan ka san halin ofishin kuɗi: yana iya ɗaukar watanni kafin ya saki haƙƙin mutum, yana neman takardun da ƙaramar ƙungiya ba ta da su. Na taɓa barin matasa shida suna jiran kuɗin aikinsu wata huɗu, kullum in na shigo sai in ga sun sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Tun daga nan nake zuwa wurin akanta kafin a fara aiki, in tambaye shi takardun da zai nema, in kuma nemi a ba da wani kaso tun gaba.

Na huɗu, yadda za a rabu in an saɓa, da wanda zai shiga tsakani. Layi biyu ne, amma ranar da ake bukatarsu ba a iya rubuta su.

Ɗalibai

Ɗalibi ba ya zama alheri ga jama'a don kawai an tura shi. Wanda ba a shirya ba nauyi ne: sai an nuna masa hanya, an amsa masa tambayar da aka amsa wa na bara, an jure kallon tausayin da yake yi wa mutane. Kafin su fita nake ba su mako biyu a aji, kuma ba ni kaɗai ke koyarwa ba. Mutum biyu daga ƙungiyar suke zuwa su tsaya gaban allo, a biya su kamar kowane malamin da aka gayyato. Abin da suke faɗa ba ya cikin littafi: lokacin da bai dace a buga ƙofa ba, kalmar da ke zafi, dalilin da ya sa "yaranki nawa?" ba tambaya ce mai sauƙi ba ga uwar da ta binne biyu. Dokokina kaɗan ne. Ba ɗaukar hoto sai da izini, ba sa hoton kowa a intanet, ba alkawarin abin da ba ya hannunka.

Ka ba aikin maki na gaske. Ƙasar Meziko ta wajabta wa ɗaliban jami'a hidimar al'umma ta aƙalla awa 480 kafin a ba su shaidar digiri. A Tamale ta ƙasar Gana, jami'ar nazarin ci gaba da aka kafa a 1992 ta ware zango na uku na shekara don ɗalibai su je su zauna cikin ƙauyuka su yi aiki. Ko da jami'arka ba ta kai nan ba, kana da iko a kan kwas ɗinka. Ni kashi ɗaya cikin biyar na makin ƙungiyar ce ke bayarwa, bisa tambayoyi uku: ya zo kan lokaci, ya saurara, abin da ya bari yana da amfani? Ɗalibai sun yi gunaguni a shekarar farko. Wasu abokan aikina ma sun ce ta yaya wanda bai yi digiri ba zai auna mai digiri. Na ce ai ba ilimin sinadarai suke aunawa ba.

Babbar matsalar da ba ta da cikakken magani ita ce kalanda. Zangon karatu wata uku ne ko huɗu, matsalar mutane ba ta san hutu ba. Ana tsaka da aiki sai jarrabawa ta zo, ɗalibai su ɓace kamar raɓa. Abin da ya rage mana zafin shi ne mu yanka aikin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta ƙare cikin zango ɗaya, da kuma littafin miƙa aiki: kowane rukuni ya rubuta abin da ya yi, wanda ya gana da shi, da alkawarin da ya rage. Rukuni na gaba ba ya fita sai ya karanta. Kuma dole a sami mutum ɗaya daga jami'a wanda ba ya canzawa, wanda lambarsa ke hannunsu, yana ɗauka ko a hutu.

Dabarun tattara bayani ba zan daɗe a kansu ba, littattafai sun cika da su. Ka zaɓi wadda mutane za su iya riƙewa da hannunsu. Taswirar da suka zana da kansu ta nuna mana rijiyoyi biyu da babu su a taswirar hukuma. A farkon shekarun 1990 Caroline Wang da Mary Ann Burris sun ba matan karkara a lardin Yunnan na ƙasar Sin kyamarori su ɗauki rayuwarsu, hotunan suka zama hujja a gaban jami'ai. Yau kowace waya na iya wannan.

Mayar da sakamako

Su za su fara ji, kafin mujalla, kafin taron masana, kafin 'yan jarida. Ka sa ranar a cikin yarjejeniya, ka ware mata kuɗi, domin a ƙarshen aiki aljihu ya bushe, kowa ya gaji. Kada ka kai musu kundi mai shafi ɗari. Shafi ɗaya, taswira ɗaya, da bakinka. Kuma ka je da shi a matsayin abin da bai kammala ba, ka ce ga abin da muka gani, ku me kuka gani?

Wani lokaci sakamakon ba zai yi daɗi ba. Namu ya nuna rijiyar da aka fi yarda da ita, wadda wani dattijo mai mutunci ya haƙa sadaka, ita ta fi gurɓata, saboda masai da aka gina kusa da ita daga baya. Ya kuma nuna ruwa mai kyau na lalacewa a cikin gida, a mazubin da ake tsoma hannu. Wato laifin ba na hukuma kaɗai ba ne, abin da ba wanda ya so ji. Wani ɗalibina ya ce mu sassauta alƙaluman. Ba a yin haka. Haɗin gwiwa bai ba kowa ikon canza abin da aka gano ba, kuma wannan ma a rubuta shi tun farko. Abin da ake tattaunawa shi ne yadda za a faɗa da wanda zai fara ji. Ni da Hajiya muka je wurin dattijon tun kafin taro. Na ce, "Baba, ruwanka ba shi da laifi, maƙwabcin da ya samu ne matsala." Ya yi shiru, can ya ce shi zai sanar da mutane da bakinsa. Da a taro ya fara ji, da mun rasa shi, mun rasa rabin unguwar.

Takardar da ta je hukuma kuwa, su suka kai, ni na raka su na zauna a baya. An tambaye ni abu biyu kan yadda aka yi gwajin, na amsa, na koma na yi shiru.

Sai ɓangaren da ke cikin gida. Gaskiya ita ce yawancin jami'o'i da yawan maƙalu suke ƙarin girma, watannin da ka yi kana zama a taron unguwa ba sa cikin fom. Ernest Boyer, wani masanin harkar ilimi ɗan Amurka, ya yi wannan ƙorafin tun 1990, ya ce a faɗaɗa abin da ake kira aikin masani, kuma tun 2012 hukumar UNESCO take da kujera ta musamman kan bincike tare da al'umma, wadda aka ɗora Budd Hall na Kanada da Rajesh Tandon na Indiya a kai. Duk da haka kada ka jira tsari ya gyaru. Ka sanar da shugaban sashenka a rubuce tun farko, ka tsara maƙalar da za ta fito daga aikin, ka adana wasiƙun ƙungiyar da duk wata shaidar abin da ya canza. Idan kai sabon malami ne da bai tsaya da ƙafarsa ba, ka ɗauki aiki ƙarami ɗaya, da ƙungiya ɗaya. Na ga masu zuciyar kirki sun rungumi biyar, suka saki biyar ɗin.

Ranar tafiya kuma a san ta tun ranar zuwa. Ka jera abin da zai rage: wa aka koya wa, wane kaya aka bari, wa zai kira wa idan ya lalace. Mu mun bar akwatin gwajin ruwa da mutum uku da suka iya aiki da shi, muka yi ta murna. Ba wanda ya tuna sinadarin da ke ciki yana ƙarewa, kuma ba a samunsa sai ta hannun ɗakin gwaji. Wata bakwai akwatin na ajiye a kan kabad kafin labari ya iso ni. Yanzu a shafin ƙarshe na kowace yarjejeniya akwai jerin duk abin da ke ƙarewa, da inda ake samo shi, da sunan wanda zai biya a shekara ta biyu da ta uku.